AMSOSHIN WASIƘUNKU: Me Ke Sa Bambar Mota Gogar Ƙasa A Ƙofar Gida, Kuma Mene Ne Maganin Abin?

 Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a yankin Dandume ta Jihar Katsina. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ce ɗansa da ke aiki a Kano ya saya masa ƙaramar mota ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka. Injinta lafiya lau, ba ta shan mai, amma duk lokacin da zai shiga gida ko zai fita sai ya ji ƙarrr, gabanta ya gogi ƙasa, har gefe ɗaya na bambar ya saki, yanzu da waya aka ɗaure shi. Da makaniki ya duba, sai ya ce masa ai mai ita na farko ne ya sa aka rage mata tsayi da gangan. Shi ne yake tambaya: me zai sa mutum da hankalinsa ya rage wa motarsa tsayi? Kuma yaya zai yi ya tsirar da bambar ba tare da ya rabu da motar ba?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa taka. Ba kai kaɗai wannan matsala ta dama ba, domin ko motar da ba a taɓa ta ba, in ta tsufa ko ta sha lodi, haka take yi. Saboda haka za mu ɗan faɗaɗa amsar, don sauran masu motoci su ma su amfana.

DALILIN RAGE WA MOTA TSAYI

Da farko dai, makanikinka bai yi maka ƙarya ba. A Amurka da Turai da Japan akwai masu cire sifirin ɗin da mota ta zo da shi daga kamfani, su sa gajere, motar ta sauka da kamar inci 1 zuwa 2. Dalilansu uku ne. Na ɗaya, mota in ta kwanta kusa da ƙasa ba ta cika karkacewa a kwana ba. Duk wanda ya taɓa ganin babbar mota da aka jibga wa kaya har sama tana shan kwana ya san wannan magana. Na biyu, iska ba ta samun shiga ƙarƙashinta da yawa, wannan kuwa yana taimakawa in ana gudu. Na uku, wanda shi ne ya fi yawa, ado ne kawai. Su a idonsu haka ta fi kyau.

Wannan ado ya daɗe. Tun a shekarun 1940 samari 'yan asalin Meziko mazauna birnin Los Anjeles suka fara kwantar da motocinsu, wasu ta yanke sifirin, wasu ma da buhunan yashi a but. Abin ya yi yawa har a 1958 Jihar Kalifoniya ta kafa doka, ta hana tuƙa motar da wani sashe na jikinta ya sauka ƙasa da bakin ƙarfen taya. A 1959 wani mai suna Ron Aguirre ya sa wa motarsa famfo mai aiki da mai, irin na jirgin sama, yadda zai ɗaga ta ko ya kwantar da ita yana zaune a ciki. Ita wannan doka sai a 2023 aka soke ta, sokewar ta fara aiki a farkon 2024. Kamfanoni ma suna da irin wannan dabara. Tun a 1955 kamfanin Citroën na Faransa ya fito da motarsa DS wadda direba ke iya ɗaga ta, kuma a yau akwai motoci masu tsada da ake danna maɓalli gabansu ya tashi in za a hau tudu. Ka ga ke nan, su kansu masu kwantar da motar sun san akwai inda dole sai ta tashi.

Amma su don titinsu mai sumul suka yi. Mu kuwa hanyoyinmu daban. Shi ya sa manya har yanzu suke yabon Peugeot 504, wadda muka fi sani da Fijo, wadda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975. An san ta da sifirin mai jure gargada, ta shiga ƙauye ta fita. Ƙananan motocin yanzu kuwa, yawancinsu tsakanin cikinsu da ƙasa bai wuce inci 5 zuwa 6 ba, wato santimita 13 zuwa 15. In aka zo aka ƙara rage inci 2 a kan wannan, me ya saura?

BA TSAYI KAƊAI BA NE, HAR DA HANCI

Yanzu bari mu zo kan gundarin maganar, domin in ka gane wannan, sauran duk mai sauƙi ne. Mutane da yawa sun ɗauka tsayin mota kaɗai ke sa ta gogi ƙasa. A'a. Abubuwa uku ne suke haɗuwa: tsayin leɓen bamba daga ƙasa, da tsawon hancin motar, wato nisan da gabanta ya zarce tayoyin gaba, da kuma yadda hawan ƙofar gidanka ya miƙe.

Ka lura, tayoyi ne ke ɗaga mota. Muddin tayoyin gaba ba su taka hawa ba, motar tana nan a kwance yadda take a kan titi. To amma hancin yana gaban tayoyi, shi ke fara isa. Kafin taya ta zo gindin hawan, hancin ya riga ya shige ciki. Idan ƙasa ta taso fiye da tsayin leɓen a cikin wannan ɗan taƙi, dole su gamu.

Alal misali, a ce hancin motarka ƙafa 3 ne, wato inci 36, leɓen bamba kuma inci 6 ne daga ƙasa. Wannan mota za ta iya hawan da ke tashi inci 1 a cikin kowane inci 6. To a ce an rage mata inci 2, leɓen ya koma inci 4. Yanzu sai hawan da ke tashi inci 1 a cikin kowane inci 9 za ta iya. Idan dandamalin gidanka ya fi titi da ƙafa 1, a da hawa mai tsawon ƙafa 6 ya ishe ta, yanzu kuwa sai mai ƙafa 9. Inci 2 kacal aka rage, amma ƙafa 3 ta ƙaru a kan abin da take bukata.

Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Titi ba a shimfiɗe yake ba, ana yin sa ne da ɗan gangare zuwa gefe don ruwa ya zurare kwata. Saboda haka motarka tana zuwa ne kanta a sunkuye, sannan ta tarar da hawa a gabanta. Gangaren titi da hawan gida sai su haɗu su yi kamar kwari, a tsakiyar kwarin nan ne bamba ke shan wuya.

Ga yadda za ka auna da kanka, ba sai da makaniki ba. Ka ajiye motar a wuri mai daidai, ka kashe ta, ka ja birkin hannu. Ka samo katako miƙaƙƙe mai tsawon ƙafa 5 ko 6. Ka cusa bakinsa ɗaya a gindin tayar gaba, daidai inda ta taɓa ƙasa, sannan ka ɗaga ɗaya bakin a hankali har katakon ya taɓa ƙasan bamba. Yadda katakon nan ya karkata, to iyakar hawan da motarka za ta iya ke nan. Sai ka je ƙofar gida ka gwada da idonka. In hawan ƙofar ya fi katakon miƙewa, ka samo inda gizo ke saƙa.

Maganin kuwa hawa uku ne: hannun direba, da gyaran ƙofa, da gyaran mota. Mu fara da wanda ba a kashe masa ko kwabo.

HANNUN DIREBA

Abu na farko, kada ka tunkari hawan kai tsaye. Ka ɗan buɗe, ka shigo a karkace, yadda taya ɗaya ce za ta fara taka hawan ta ɗaga wannan gefe, sannan ɗayar ta biyo baya. Mai jaki da kaya in ya zo tudu ba ya miƙewa tsaye, ta gefe yake bi, domin ta haka tudun ya fi sauƙi. Ita ma mota haka ne. Sai dai ka tabbata ƙofar tana da faɗi, kuma ka san inda bakin kwata yake, kada garin tseratar da bamba taya ta zurma.

Abu na biyu, birki. Duk lokacin da ka taka birki, nauyin mota yana komawa gaba, hancinta ya sunkuya. Direbobi da yawa suna zuwa da gudu, sai sun iso bakin ƙofa su danna birki, wato su da kansu suke dangwara bambar da ƙasa. Ka gama rage gudunka tun da ɗan nisa, ka saki birkin motar ta daidaita, sannan ka shiga da giya ta ɗaya, tafiyar da ba ta wuce ta mai tafiya da ƙafa ba. Sannu ba ta hana zuwa. Haka kuma za ka yi wa tudun rage gudu da ake yi a kan titi a bakin kasuwa ko makaranta.

Abu na uku, ka sauke mutane kafin ka shiga. Mutum huɗu a cikin ƙaramar mota suna kwantar da ita yadda za ka gani da ido. Su sauka su taka, ba abin kunya ba ne.

Abu na huɗu, ka gwada shiga da baya. Idan hawan gajere ne kuma a miƙe, sau da yawa shiga da ribas a fito da gaba ya fi, domin bayan motoci da yawa ya fi gabansu nisa da ƙasa. Amma ka sa wani babba ya tsaya ya duba maka, saboda salansa, kuma saboda yara. Gidajenmu ba a raba su da ƙananan yara, wanda ke bayan mota kuwa direba ba ya ganinsa. Wannan ya fi bamba dubu muhimmanci.

Abu na biyar, in ka ji bamba ta hau kan wani abu ta maƙale, kada ka yi saurin ja da baya. Shigarta ba ta cika yin ɓarna kamar fitarta ba, domin a wajen ja da baya ne leɓen ke kamawa ya fizge bambar daga mazauninta. Ka tsaya, ka fito ka duba. A sauke kaya, a sa katako a bayan tayoyin gaba su hau, sannan a ja a hankali.

GYARAN ƘOFAR GIDA

In ka yi duk wannan har yanzu tana gogar ƙasa, to sai a dubi ƙofar. Mafi sauƙi shi ne katako mai kauri inci 2, guda biyu, a shimfiɗa su a cikin kwarin nan daidai inda tayoyi ke bi. Tayoyin za su hau tun kafin hanci ya kai ga hawan, ka ga ka mayar wa motar inci 2 ɗin da aka rage mata. Amma a kafa su sosai kada su zame, kada kowa ya tsaya a bayansu domin taya tana iya cilla su, kuma in an gama a ɗauke.

Gyara mai ɗorewa kuwa shi ne a tsawaita hawan. Ka kira magini ka nuna masa awon katakon nan. In ƙafa 1 za a hau, a ba shi ƙafa 10 zuwa 12, don a bar rara saboda ranar da motar ke da nauyi. Ka ce masa ya sassauta gindin hawan da kansa, kada ya bar su da kaifi. Gindi shi ke cin bamba, kai kuwa shi ke cin cikin mota, domin in tayoyin gaba sun haye na baya ba su iso ba, ƙoƙon hawan yana tsakiyarta. In siminti aka zuba, a riƙa ba shi ruwa, kada mota ta hau sai ya yi aƙalla mako ɗaya. Cikakken ƙarfinsa sai ya kai kwana 28. In babu halin siminti, jar ƙasa da tsakuwa da aka daɓe sosai suna yi, sai dai a riƙa gyarawa bayan kowace damina.

Wasu gidajen kuma akasin haka ne. An sake titi an ɗaga shi, gida ya koma ƙasa. Nan gangarawa ake yi, cikin mota ya gogi bakin titi, hanci kuma ya daki ƙasa a ƙarshen gangaren. Maganin dai ɗaya ne, a tsawaita a sassauta.

To Malam, a nan akwai gargaɗi biyu da muke so ka riƙe. Na farko, tsawon da za a ƙara, a ƙara shi ta cikin gida, ba ta kan titi ba. Titi na kowa ne. Tudun da ka zubo a kansa zai iya kayar da mai babur da dare. In a gari kake, ka tuntuɓi hukumar tsara gari kafin ka taɓa bakin titi. In a ƙauye ne, ka shaida wa mai unguwa da maƙwabta.

Na biyu, wanda ya fi girma: kada ka cike kwata. Mutane da yawa in mota ta ƙi shiga sai su zuba ƙasa da duwatsu a magudanar ruwa su daɓe. Da rani lafiya lau. Ran da ruwan Agusta ya sauko kuwa, ruwan da aka tare wa hanya sai ya nemi wata, ya shiga zauren maƙwabci, ya jiƙa gindin katangar ƙasa, ya kai ga rumbu ko shagon da aka tara hatsi. Wanda ya kwanta kuma ya zama gidan sauro. Bamba kuɗi kaɗan ce a kan katangar da ta faɗi, balle a ce ta faɗa wa mutum. Abin da ya dace shi ne a rufe kwatar da murfin kankare mai rodi a ciki, ko a binne kwalbati mai faɗin da zai ɗauki ruwan, a kuma bar wurin da za a riƙa buɗewa ana yashewa.

GYARAN MOTAR

Ga mai zirga-zirga tsakanin ƙauye da kasuwanni irinka, shawararmu ita ce a mayar da motar tsayinta na asali. Ƙofar gidanka ɗaya ce, kana iya gyara ta, amma ba za ka gyara duk hanyar da ke tsakanin gona da kasuwa ba.

Ka je tasha ka nemi mota irin taka sak, wadda ba a taɓa ba. Ka auna daga tsakiyar taya zuwa bakin ƙarfen da ke samanta, a tata da taka, ka ga bambancin. Sannan makaniki ya duba abin da aka sa. Wani sifirin ɗin yana da zare a gindinsa kamar na noti, ana murɗa shi da sifana ta musamman motar ta tashi, ba sai an sayi komai ba. In kuwa gajere aka sa, ko yanke shi aka yi, sai a nemo na asali a sauya. A sauya biyu-biyu, hagu da dama tare, kada a sauya ɗaya a bar ɗaya.

A nan ya kamata a bambance abu biyu. Sifirin shi ke ɗauke da nauyi, shi ke riƙe tsayin mota. Shokozoba kuwa aikinsa hana ta tsalle-tsalle. In sifirin ya gaji, mota tana kwantawa ko a tsaye take. In shokozoba ya mutu, a tsaye ba ka ganin komai, amma da ta taka rami sai ta lotsa ta daki ƙasa. Ka danna kusurwar motar da ƙarfi ka saki. In ta tashi ta tsaya, lafiya. In ta yi ta lilo, ko ka ga mai yana zuba a jikin shokozoban, ya mutu.

Akwai kuma zobe na roba mai tauri ko na ƙarfe da makanikai ke sa wa a saman sifirin don ƙara tsayi. Yana aiki, amma kada a zarce inci 1 ko kusa da haka, domin in an ɗaga da yawa, gaɓoɓin da ke kai ƙarfin inji ga tayoyi suna saurin ci. Kada kuma ka yarda a gasa sifirin da wuta don a miƙe shi, ko a yi masa walda, ko a cusa masa itace. Ƙarfen da wuta ta taɓa ya rasa ƙwarinsa, yana iya karyewa kana cikin gudu. Duk aikin da aka yi wa ƙafar mota kuma, a kai ta a daidaita tayoyi, a kuma duba saitin fitilu.

Ka dubi tayoyinka ma. A jikin kowace akwai lambobi, kamar 195/65 R15. Lamba ta tsakiya ita ke nuna tsayin gefen tayar. Mai 65 gefenta ya kai milimita 127, in kuwa 195/50 R15 aka sa, bai kai milimita 98 ba. Wato tayar kaɗai ta cinye fiye da inci 1. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takarda a manne, tana nuna girman tayar da kamfani ya sa da yawan iskar da ta kamata. Ka nuna wa mai faci ya bi wannan. Taya mai ƙarancin iska tana kwantar da mota, tana kuma ƙara shan mai.

Game da kare ita bambar kanta, ana ɗaura roba mai kauri a ƙarƙashin leɓenta, ko da yankin tsohuwar taya ne, don ita ta riƙa shan gugar. Wannan yana hana karcewa, amma ba ya hana duka, kuma in ya yi kauri ya ƙara rage tsayi. Wasu kuma sukan cire baƙar robar da ke ƙasan bamba su yar. A yi hattara, a motoci da yawa ita ke tura iska zuwa lagireto. Wasu kuma sukan je wurin mai walda ya ƙera musu ƙaton ƙarfe a gaba. Wannan yana ƙara wa hanci tsawo da nauyi, ga shi yana iya rikita na'urar da ke buɗe jakar iska lokacin haɗari, in kuma ya bugi mutum raunin ya fi muni. Saboda masu tafiya a ƙasa ne Tarayyar Turai ta kafa doka a kan irin waɗannan ƙarafa a 2005. Abin da ya fi amfani shi ne faifan ƙarfe a ƙarƙashin inji, wanda aka ɗaure da noti, aka bar masa tazara da ƙofar juye mai.

LODI DA HANYAR ƘAUYE

A wannan takarda ta jikin ƙofa, motocin da suka fito daga Amurka suna nuna iyakar nauyin da za su ɗauka, mutane da kaya gaba ɗaya. A ƙananan motoci yawanci kilo 400 ne ko kusa da haka. To ka lissafa: kai direba, da buhu 3 na masara mai kilo 100, an kusa cikewa ke nan. Wanda ya sa buhu 6 ya ƙara da fasinja, ya kwantar da motarsa fiye da yadda samarin Los Anjeles suka yi, ba tare da ya yi niyya ba. Kaya a but bayan mota suke dannewa, sai salansa da tankin mai su zama su ke kusa da ƙasa, gaba kuma ya yi sako-sako, sitiyari ya rage kamu. In abin ya daɗe sifirin ya gaji, ko an sauke kayan ba ya komawa. Gara sawu biyu, ko a ba motar ɗaukar kaya haya.

A hanyar ƙauye kuwa, inda manyan motoci da tarakta da amalanke suka haƙa sawu biyu suka bar kunya a tsakiya, kada ka sa tayoyinka cikin sawun. Kunyar za ta riƙa shafar cikin motar, wani lokaci da dutse ko kututture a ɓoye cikin ciyawa. Ka ɗora taya ɗaya a kan kunyar, ɗaya a gefen hanya. Ruwan da ba ka ga ƙasansa ba kuma, ka fito ka gwada da sanda.

IN TA RIGA TA BUGU

Dalilin da ya sa muka tsawaita wannan amsa shi ne, bamba roba ce kawai, amma ƙararta gargaɗi ne. A bayanta kaɗan lagireto yake, a bayansa kuma akwai kaskon baƙin mai a ƙarƙashin inji. Saboda haka in ka ji duka mai ƙarfi, ba guga kawai ba, ka tsaya ka leƙa. In ka ga baƙin mai yana ɗiga, ko jar fitilar mai ta kama a gabanka, ka kashe inji nan take, kada ka ce bari in ƙarasa gida. Injin da ba mai, cikin 'yan mintoci yake bugawa, kuɗin gyaransa kuwa zai iya cinye ribar kaka guda. In ruwa mai launi ne ke zuba daga gaba, ko allurar zafi ta tashi, lagireto ne, shi ma a tsaya, kuma kada a buɗe murfinsa sai ya huce. Farin ruwa kaɗan da ke ɗiga in an kunna na'urar sanyi, wannan ba komai ba ne.

Ita kuma bambar da ka ɗaure da waya, ka kai a sa mata maɗaurai na kirki tun ba ta faɗo a kan hanya ta shige ƙarƙashin taya ba.

A taƙaice dai Malam, ka fara da katakon awo, ka gyara shigarka, ka sassauta ƙofarka ba tare da ka toshe wa ruwa hanya ba, in hali ya samu kuma ka mayar wa motar sifirinta na asali. Ba sai ka sayar da ita ba. Da fatan ka gamsu, Allah ya kiyaye hanya, ya kuma ba da kasuwa.

Jama'a, nan muka kawo ƙarshen filin na wannan mako. A ci gaba da aiko mana da tambayoyi, a rubuta su a taƙaice kuma yadda za su karantu.